Yadda Na Zauna a Bayan Ganguna

Kiɗan da na fara iyawa na ƙwarya ne, kuma a hannun Gwaggo na koye shi, ƙanwar mahaifinmu, a Djougou. Ba sana'arta ba ce. Gidanmu na fataken goro ne tun kakanni, kuma a irin gidanmu ko da wasa ba a ce wa mutum makaɗi. Amma in ana suna ko biki, da zarar maza sun watse an sakaya ƙofar cikin gida, sai Gwaggo ta sa a cika babban kwano da ruwa, ta kife ƙwarya a kai, ta ɗauko ludayi biyu. Daga nan tsakar gida ta zama ta mata. A yi ta rawa, a yi ta waƙoƙin da ba a yi sai inda babu namiji, rabi da Hausa rabi da Dandanci, yaren garinmu. Wasan mata ake ce masa, kuma Baba yakan yi kamar bai san ana yi ba.

Ni ce auta, shi ya sa ake barina in raɓe kusa da ita da 'yar ƙwaryata a kan tsumma. Ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga yadda ake yi ba. In na yi daidai ta yi shiru, in na kauce ta zungure ni da gwiwar hannu ba tare da ta dube ni ba. Kafin in gama lise, wato sakandare, in hannunta ya gaji ni take miƙa wa ludayan.

Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, aka tura ni jami'a a Parakou. Na sauka a unguwar Albarika, gidan Yaya, babban wanmu, wanda yake jan motar haya tsakanin Parakou da Djougou. Rayuwata ba ta wuce aji, gida, da taya matarsa girki ba. A hanyata ta dawowa akwai wani shagon kafinta, a bayansa kuma wani ɗaki mai rufin kwano. Wata la'asar na ji sauti yana fitowa daga ɗakin, irin wanda ban taɓa ji ba. Fiyano ne da sakso, wani ƙahon busa na tagulla, da jita mai kaurin murya, kowa kamar yana hirarsa dabam, amma ba wanda ya taka wani. Na tsaya a jikin taga ina yi kamar igiyar takalmina nake gyarawa.

Haka na riƙa yi har mai ɗakin ya gane ni. Wani tsoho ne Babarge, wato mutumin Bargu, siriri, wanda ya yi aikinsa a cikin 'yan badujalar soja ya yi ritaya, ya dawo gida ya tara samari yana koya musu jaz. Kowa Papa yake ce masa. Hausarsa ta kasuwa ce, a Zongo ya tsince ta, in ta ƙare masa sai ya ƙarasa da Faransanci.

Ya leƙo ya ce, "'Yata, takalmin nan naki kullum a nan yake lalacewa?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Ya ce ya daɗe yana kallon yatsuna a kan jakata, kuma ba su taɓa saɓa wa kiɗan ba. Mai gangarsu ya tafi Cotonou neman aiki, ga gangunan can an lulluɓe su da tsohon zanen gado. In ina so in shigo in gani.

Na shiga. Ya yaye zanen. Ganguna ne a jere, babba a ƙasa a kwance, ƙanana a kanta, da wasu farantan tagulla a kan sanduna. Ya nuna mini 'yar kujera mai zagaye ya ce in zauna. A nan na ga matsalar da ban hango ba daga taga. Akwai wata ƙaramar ganga da dole ta kasance tsakanin gwiwoyin mai kiɗa, ƙafar dama a kan feda ɗaya, ta hagu a kan wata can gefe. Ni kuwa ga ni da zane da hijabi, ga maza uku a tsaye suna kallo. Sai na haɗe gwiwoyina na karkace gefe guda, irin zaman da muke yi a bayan zem, babur ɗin haya. Na miƙa ƙafa ɗaya in taɓa fedar, na kusa kifewa. Mai sakso ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Papa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba yadda za a yi, ma fille. Ganga tana tsakiya. Ba ni na ƙera ta haka ba."

Na ajiye sandunan na fita ko sallama ban yi ba. Na sake hanya, na daina bi ta shagon kafinta. Amma sautin bai bar ni ba. Ina daka a turmi ina jin sa, ina aji ina kaɗa shi da yatsun ƙafa a cikin takalmi.

Daga baya na je Zongo wajen wani tela ɗan Nijar da bai san gidanmu ba, na miƙa masa yadi na ce wando nake so, buje, mai faɗi sosai. Ya ce na wa? Na ce na wani ɗan'uwana. Ya ce to ina awonsa? Na ce tsayinmu ɗaya. Ya ɗaga kai ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo mini ma'aunin ya ce in shiga bayan labule in auna ɗan'uwan nawa da kaina. Har na fito daga shagon kunnuwana zafi suke yi.

Wandon nan a ƙasan doguwar riga nake sa shi. Ko da haka, ranar da na fara zama daidai, ganga a tsakiya, sai da na roƙi Papa ya juya gangunan su fuskanci bango. Watanni na yi ina kiɗa ina kallon bulo.

A gida kuwa sai da na faɗi dalilin daɗewata. Da Yaya ya tambaya na ce, "Akwai wani tsohon soja da yake koya mana batterie." Da Faransanci haka ake kiran gangunan, haka kuma ake kiran batirin mota. Yaya ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ilimin lantarki ba ya ɓaci, ko ba komai wata rana zan duba masa na motarsa. Na buɗe baki in gyara, na ga yadda fuskarsa ta washe, na rufe.

Jaz ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. A wasan mata ƙarfi ake so, a buga ƙwarya har ruwa ya fantsalo, ƙafar mai rawa ta san inda za ta sauka. Papa kuwa kullum cewa yake, "Doucement, a hankali. Kina rufe kowa. Ki saurari mai jita, shi ne abokin tafiyarki." Ya karɓe sandunan ya ba ni wasu 'yan tsintsiyoyin waya, ya ce da su zan riƙa shafa fatar ganga ina zagayawa har sai na koyi jin sauran mutane. Samarin suka samu abin tsokana. In na shigo sai su ce ga mai shara ta iso. Yakan kunna mana tsofaffin kaɗe-kaɗe a wayarsa, ya sa mu yi tsit, ya ce kowa ya bi kayan kiɗa guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Na daɗe ban ji komai ba sai hayaniya mai daɗi. Rannan kawai kunnena ya buɗe, na ji mai gangar yana jinkirta bugunsa kaɗan, kamar mutumin da ya san hanya ba ya sauri. Na gwada, Papa ya ɗago daga fiyano ya ce, "Voilà." Wannan kalma ɗaya ta ishe ni murna har gida.

Papa ba jaz na Turai da Amurka kaɗai yake so ba. Burinsa shi ne ya ɗauki kiɗan gargajiya na ƙasarmu ya saka a ciki. Ya kawo na mafarautan Bargu, mai jita ya kawo wani na masunta daga garinsu. Wata rana ya ce saura ni, in kawo musu wani abu daga Djougou. Na ce ban san komai ba. Ya ce ƙarya nake, hannun da ya gani a kan jaka wani ne ya rene shi.

Sai na kaɗa musu wanda ya fi zama a hannuna, wanda Gwaggo take ajiyewa sai wasa ya yi zafi, lokacin da ake zolayar amarya da abin da ke jiranta a ɗakin miji. Waƙarsa ba ta faɗuwa a gaban namiji. Ko a nan ba zan rubuta ta ba. Na ba su kiɗan kawai, na guna musu karin da hanci. Mai sakso ya ɗauka nan take, Papa ya shimfiɗa masa fiyano a ƙasa, abin ya fito da kyau har tsigar jikina ta tashi. Papa ya tambaye ni me waƙar take cewa. Na ce ta yabon amarya ce. A raina na ce ai kiɗa ba shi da baki, wa zai sani?

Shekarata ta biyu aka gayyace mu wasa a farfajiyar wani otal, da yamma, a wani taron makaɗa. Na ce wa Papa ba zan iya ba. Ya ce ba su da wani mai ganga, kuma ba zai juya ni in fuskanci bango a gaban jama'a ba, amma zai sa ni can baya. Na yarda don na ɗauka ba wanda yake kallon mai ganga.

Mai gabatarwa ne ya fara ɓata mini lissafi. Da ya hango hijabina sai ya bar Papa da shekarunsa na kiɗa, ya bar kowa, ya hau kirari a kaina: ga abin da ba a taɓa gani ba, 'yar Musulmi daga Djougou a kan batterie! Wayoyi suka tashi sama tun ban taɓa ganga ba. Dandamalin kuma yana da tudu, mutane suna ƙasa, abin da ban yi tunani ba ke nan. Duk wanda ya ɗaga kai, gwiwoyina zai fara gani, da wandon tela, don rigar tana tattarewa da zarar ƙafa ta fara aiki.

Na sunkuyar da kai na yi kiɗana. Kuma gaskiya na yi shi da kyau, ban taɓa yi kamar ranar ba. Da muka zo kan na Djougou, wurin ya ɗauka. Manyan mutane da manyan riguna suna tafi, wani Alhaji a layin gaba yana gyaɗa kai yana bin karin da hannu. Ni kaɗai na san kalmomin da yake gyaɗa wa kai. Haka nake zato, har idona ya faɗa kan wata mata mai sayar da wagashi, cukun madara, a bakin ƙofa, ta dafe baki da gefen mayafi, idanunta a kaina. Sanda ta kusa suɓuce mini.

Da muka sauka aka yi ta ɗaukar hoto da ni. Ba wanda ya ce mini komai game da kiɗan. Hijabin kawai suke so ya fito, da sandunan.

Ba a yi wasu kwanaki ba Yaya ya dawo daga tasha da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ina wanki. Ya ajiye wayarsa a kan bokitin da na kife, bidiyon yana tafiya.

"Auta, wannan ne batirin?"

Na kasa ɗaga kai.

"Ni kika mayar sakarai? Ina ta faɗa wa mutane a tasha ƙanwata tana koyon lantarki. Yau yaran mota ne suka nuna mini. Har da masu cewa in kawo ki ki yi musu a bikinsu."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba shi zan ba haƙuri ba, Inna ta kira, gobe in shirya mu tafi tare.

Ban taɓa yin doguwar tafiya irin ta ranar ba, ko da yake hanyar ce da na saba. Ya sa ni a gaba kusa da shi. Mun wuce gari kaɗan sai na ji kiɗana yana tashi daga kujerar baya. Wani saurayi ne yake nuna wa na kusa da shi, bai san mai kiɗan tana gabansa ba. Wata dattijuwa ta ce a miƙo mata ta gani. Ta saurara kaɗan sai ta ce, "La ilaha illallahu! Wannan ai namu ne. Wace marar kunya ce ta kai shi gaban maza?" Saurayin ya ce me ke ciki, Hajiya? Ta ce ba ruwansa. Ita da wata matar suka tuntsire da dariya, suna magana ƙasa-ƙasa da Dandanci. Na ja hijabi na rufe har hancina. Yaya ya ƙura wa titi ido.

Mun tarar da Baba a zaure, ya buɗe huhun goro yana yayyafa masa ruwa yana tsince waɗanda suka ɓaci. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa cikakkiyar amsa, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen Parakou, amma idonsa bai bar goron ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Inna tana ɗaki. Ta sa na rufe ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Haka na koya miki zama?"

Na fara kuka.

"Ba kuka na tambaye ki ba. Tun kina 'yar mitsitsiya nake cewa haɗe ƙafarki, haɗe ƙafarki. Yau duk garin nan ba wayar da ba ki zauna a cikinta ba. Kuma duk kaɗe-kaɗen duniya ki rasa wanda za ki ɗauka sai wannan? Jiya a wajen awo mata suna ganina suka fara guna shi. Ni da na aurar da 'ya'ya."

Na ce ban faɗi kalmomin ba, Inna, ko ɗaya.

Ta ce, "Sai kin faɗa? Wace mace ce a Djougou ba ta san su ba?"

Gwaggo ta iso bayan la'asar. Ita na fi tsoro, don kayanta na ɗauka. Ba ta zauna ba, ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce gobe akwai suna a ƙauyen Onklou, gidan 'yar ƙawarta, kuma da ni za a je. Inna ta ce a bar yarinyar nan ta ɓuya tukuna. Gwaggo ta ce wadda ta hau dandamali a Parakou ba ta da sauran wurin ɓuya.

Da safe muka hau zem biyu. Hanyar ta yi laka don an yi ruwa, muna tafe muna kauce wa ramuka, gonakin doya a dama da hagu. Ina ta addu'a babur ya lalace. Bai lalace ba.

Bayan an ci abinci maza sun koma waje, aka sakaya ƙofa, aka kawo kwano da ƙwarya. Gwaggo ta miƙo mini ludayan a gaban kowa ta ce, "Ga ta nan, ta Parakou. Kaɗa mana wanda kika kai wa Alhazai."

Na ce, "Gwaggo, don Allah."

Ta ce, "Kaɗa."

Na durƙusa a gaban kwanon na fara. Ba su yi rawa ba da farko. Wata tsohuwa, kakar jaririn, ta jawo turmi tsakiyar fili, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne, ta tattare zane, ta sa turmin tsakanin gwiwoyinta, ta karɓi muciya biyu. Ta sunkuyar da kai yadda na yi a bidiyon, tana harba ƙafafu tana dukan iska. Gidan ya kece da dariya, har da masu faɗuwa a kan tabarma. Sannan suka ɗauki waƙar, da kalmominta duka, suka cire amarya suka sa ni a ciki, ni da tsohon sojana da wandona. Wasu baitocin a nan take suka ƙirƙire su, kuma sun fi na asali muni.

Hawaye na zuba a cikin kwanon, amma ban isa in tsaya ba, don duk lokacin da hannuna ya yi sanyi sai in ji gwiwar hannun Gwaggo a haƙarƙarina. Na yi ta kaɗawa har suka gaji da ni suka shiga rawa sosai, suka manta da wadda take kiɗan. Da aka tashi, tsohuwar nan da kanta ta kawo mini sakwara da miyar gyaɗa, ta zauna kusa da ni tana haki. Ta ce, "Ci, jikata. Mun rama." Ta tambaye ni ko ƙafa ba ta ciwo da wannan feda, don ita 'yar wannan gwajin da ta yi har cinyarta ta riƙe.

A hanyar dawowa muka tsaya jiran zem a bakin titi. A nan Gwaggo ta yi mini maganar da ta yi mini ita kaɗai a kan lamarin. Ta ce ita ba ruwanta da gangunan Nasara, in kaɗa su in na ga dama. Amma wancan kiɗan ba nawa ba ne ni kaɗai, na duk matan da suka taɓa rufe ƙofa suka yi shi ne, kuma ban tambayi kowa ba. Na ce na tuba. Ta ce ta ji. Can kuma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, mai busa ƙahon nan ya iya, ya kama karin daidai.

Ranar da zan koma Baba ya kira ni zaure. Ya ce shi bai kalli abin ba kuma ba zai kalla ba. Amma an tare shi a ƙofar masallaci an tambaye shi yaushe gidansu ya fara roƙo, kuma bai sami amsa ba. Na jira ya ce in bari, na ma shirya cewa to. Sai ya ce, "Ke ba yarinya ba ce. Abu biyu nake roƙo. Kada ki yi shi a garin nan ina raye, kuma kada karatunki ya taɓu." Kalmar roƙo da ya yi amfani da ita a kaina, shi da bai taɓa roƙon ɗansa komai ba, ita ta fi komai nauyi a duk abin da aka faɗa mini a tafiyar.

Na koma Parakou ban je wajen Papa ba har damina ta wuce. A jami'a ana nuna ni, wasu da sha'awa wasu da dariya, duka biyun ba na so. Na daina zama a gaban aji. Wandon na cusa shi can ƙasan akwati.

Papa ne ya zo da kansa. Ya sami Yaya a ƙofar gida yana wanke mota, suka gaisa, ya ce shi ne tsohon sojan. Ina jin su daga ciki. Ya ba Yaya haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai tambayi gida ba tun farko, kuma bai yi tunanin tudun dandamali ba, shi da ya yi shekaru yana hawansa. Ya ce ya sa kafinta ya yi wani allon katako mai ninkewa da za a riƙa kafawa a gaban gangunan, daga ƙugu zuwa ƙasa ba a ganin komai. Yaya ya ce shi ba shi da ta cewa, Baba ya riga ya yi magana. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Auta, fito ki gaida malaminki."

Na fito na durƙusa. Na gaya wa Papa gaskiyar abin da waƙar take nufi, ba da kalmominta ba, amma ya gane. Tsohon nan ya dafe kai, ya ce, "Mon Dieu. Kuma na sa matata a layin gaba." Yaya ya juya yana goge gilashin da ya riga ya goge.

Na koma kiɗa a bayan allon. Mun cire na Djougou daga jerinmu, ko da yake shi aka fi tambaya duk inda muka je. In an matsa, Papa yakan ce mai shi ta karɓe kayanta. Daga baya na je na tambayi Gwaggo ko akwai wanda za ta iya ba ni da izini, ta ba ni na daka da na raino, waɗanda ake yi ƙofa a buɗe. Da su muke aiki yanzu. Na gama karatu, ina aiki a ofishin wani kamfanin auduga, Asabar da Lahadi ina kiɗa. Na roƙi masu gabatarwa su daina ambaton garinmu da hijabina, wasu suna ji wasu ba sa ji. Har yau in na hango mai shigar mutanen Djougou a cikin jama'a, sai in ji wuyana ya yi nauyi, in yi wasan duka ina kallon fatar ganga.

Bara aka gayyaci ƙungiyarmu Djougou, bikin wata makaranta. Na ce ba zan je ba, Papa bai ja maganar ba, ya nemo wani saurayi ya zauna a madadina. Yaya ne ya ɗauke su a motarsa, gangunana a ɗaure a sama. Na tsaya a ƙofar gida ina kallo har suka sha kwana, sannan na koma ciki na tsinci shinkafa da matarsa.

Da ya dawo washegari na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce lafiya lau, an yi tafi. Ya ce ya ga Gwaggo a wajen, ba ta shiga ba, ta tsaya a bayan katanga da wasu mata biyu har aka gama. Da za su taso ta zo wajen mota ta leƙa, ta tambaye shi wace ce tawa a cikin gangunan. Ya ce duka. Ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa ƙaramar da yatsa, ta kasa kunne, ta ce fatar ta yi tauri da yawa, a gaya mini in sassauta ta. Ta ba shi ƙullin daddawa ya kawo mini.

Na kwance gangunan na shigar da su ɗaki. Na ɗauko makullin ɗaure ganga na sassauta fatar ƙaramar kaɗan, na gwada. Ban tabbata ta fi daɗi ba, amma na bar ta a haka.